Gurbin Adireshi a Burauza: Tambayoyi da Amsoshi kan Dannawa da Zaɓen Rubutu

A Maraɗi ba kasafai mutum yake zama da na'ura iri ɗaya ba. Da safe yana kan Windows a wurin aiki, da rana ya shiga sibar, wato shagon hayar kwamfuta, ya tarar da tsohuwar kwamfuta mai Ubuntu, wani nau'in Linux, da dare kuma waya ce a hannunsa, Tecno ko Itel ko Samsung. Allunan rubutun ma iri biyu ne a gari: wanda ya shigo ta Jibiya da Ɗan Issa yawanci QWERTY ne, tsarin Ingilishi, wanda ya zo ta Yamai kuwa AZERTY, tsarin Faransanci. Hannun mai aiki dai ɗaya ne, kuma abin da ya saba da shi, shi yake nema ko'ina ya je. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu koyon kwamfuta suka fi yi mini game da dogon gurbin nan na saman burauza, inda ake rubuta adireshin shafi.

Malam, na danna gurbin sau ɗaya sai duk rubutun ya yi shuɗi. Na ɓata wani abu ne?

Ba ka ɓata komai ba. Shuɗin nan alama ce cewa an zaɓi adireshin baki ɗaya, kuma da gangan aka yi shi haka. A Chrome da Firefox da Edge da Safari na kwamfuta, dannawar farko tana zaɓen duka, domin mafi yawan lokuta wanda ya kai hannu wurin abu biyu yake so: ko ya bar shafin ya tafi wani, ko ya kwafi adireshin ya tura wa wani. In tafiya ce, da ka buga harafin farko tsohon adireshi ya gushe, sabo ya maye gurbinsa. In kwafi ne, Ctrl da C sun wadatar.

Gurbin kamar allon almajiri yake: ba a ɗora sabon rubutu sai an wanke na jiya. Burauza ce ta ɗauke maka wankin.

To me ya sa sauran guraben rubutu ba sa yin haka?

Saboda aikinsu daban. In kana cike takardar neman shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta intanet, ka danna cikin gurbin sunanka, gyara kake son yi, ba sharewa ba. Don haka tsinken rubutu, wato siririn layin nan mai ƙyaftawa, yake sauka daidai inda ka danna. Wannan ita ce ƙa'idar kowane gurbin rubutu a Windows da Mac da Linux. Gurbin adireshi ne ya fita daga ƙa'idar, kuma yana da hujja: abin da ke cikinsa ba kai ka rubuta ba, burauza ce ta nuna maka inda kake. Tun da Chrome ta fito a 2008 ta haɗe gurbin adireshi da na bincike wuri ɗaya, mutane suka ƙara mayar da shi ƙofar fita. Yau da yawa ba adireshi ma suke rubutawa a ciki ba, tambaya ce suke yi wa Google.

Ni lamba ɗaya kawai nake son canzawa a ƙarshen adireshin, amma da na taɓa sai komai ya tafi. Yaya zan yi?

Nan ne inda tsarin yake cizon mutum. Na ga wata ma'aikaciya tana duba jerin sunaye a wani shafi, adireshin ya ƙare da page=2, tana son ta mayar da 2 ɗin 7 don ta tsallake shafukan tsakiya. Ta kai kibiyar linzami daidai bayan lambar, ta danna, idonta na kan allon rubutu tana neman 7, ta buga, ta danna Entrée, wato Enter. Da ta ɗago kai sai ta ga Google ta bincika mata lamba 7. Adireshin da ta sha wuya kafin ta kai gare shi ya ɓace daga gabanta. Abin da ta yi daidai ne a kowane gurbi, ban da wannan.

Ga yadda ake yi, Hajiya. Ki danna sau ɗaya, komai ya yi shuɗi. Ki ɗan dakata kamar numfashi guda. Ki sake dannawa daidai inda kike son gyara: shuɗin zai tafi, tsinken rubutu ya sauka a wurin. Dakatawar nan ita ce asirin, domin in kika yi saurin dannawa ta biyu, kwamfuta za ta ɗauka dannawa biyu a jere kika yi, ta zaɓi kalma.

Akwai hanya mafi sauƙi in ƙarshen adireshin kike nufi: bayan dannawar farko, ki taɓa kibiyar dama ta allon rubutu. Tsinken zai faɗa ƙarshe ba tare da ya goge komai ba. Kibiyar hagu kuma farko take kai shi. Sannan kina iya riƙe maɓallin linzami tun dannawar farko ki ja a kan lambar kaɗai. Burauza mai kyau tana jira sai kin saki yatsa kafin ta yanke hukunci: in ta ga kin ja, abin da kika ja kawai take zaɓa.

In kuwa aikin gama ya gama, rubutun ya goge amma ba ki danna Entrée ba, ki buga Échap, ko Esc in allonki na Turancin Ingilishi ne. Adireshin shafin da kike kai zai dawo. Wani lokaci sai an buga sau biyu, na farko ya rufe jerin shawarwarin da ya sauko. In kin riga kin tafi, kibiyar komawa baya tana nan.

Dannawa biyu da uku fa, me suke yi?

Biyu a jere suna zaɓen kalma, uku suna zaɓen layin duka. Al'adar ta girmi intanet ɗin da muka sani: zaɓen kalma da dannawa biyu ya fito daga cibiyar binciken Xerox PARC a Amurka, a manhajar rubutu mai suna Gypsy da Larry Tesler da Tim Mott suka yi a tsakiyar shekarun 1970, Apple kuma ta yaɗa shi da Macintosh a 1984. A cikin adireshi, "kalma" ita ce guntun da ke tsakanin alamomi irin su / da = da &. Burauzoji ba su gama yarda da juna ba kan inda kalma take ƙarewa in akwai ɗigo ko ƙaramin layi a tsakiya, don haka ka dubi shuɗin kafin ka buga wani abu a kansa.

A Ubuntu na saba dannawa ɗaya ta ajiye tsinke. Yanzu ya daina. Me ya faru?

Firefox 75 ce, wadda ta fito a watan Afrilu na 2020. Kafin ita, Firefox ta Linux tana da halinta: dannawa ɗaya ta ajiye tsinke, biyu su zaɓi adireshin duka. Daga wannan fitowar aka daidaita ta da ta Windows da Mac, aka kuma cire saitunan ɓoye guda biyu, browser.urlbar.clickSelectsAll da browser.urlbar.doubleClickSelectsAll, waɗanda da su ne mutum yake zaɓen halin da yake so. Masu Linux da yawa sun ji haushi, kuma ba taurin kai ba ne kawai. Akwai dalili a ƙarƙashi da ya kamata a fahimta.

A Windows ma'ajiyar kwafi ɗaya ce: Ctrl da C su zuba, Ctrl da V su fitar. A Linux biyu ne, gado daga tsarin nuna tagogi mai suna X da aka fara a jami'ar MIT a 1984. Ɗaya irin ta Windows ce. Ɗayar kuwa, wadda suke kira PRIMARY, ba ta buƙatar maɓalli: duk rubutun da ka shafa ya yi shuɗi ya shiga cikinta nan take, kuma in ka danna tayar tsakiyar linzami sai ya liƙu inda kibiya take. Wanda ya saba da wannan ba ya son rabuwa da shi, don aiki yana gudu ƙwarai.

Yanzu ka duba matsalar. Ɗalibi ya ga adireshi a cikin wata takardar PDF, ya shafa shi, ya shiga ma'ajiya ta biyu. Ya koma burauza ya danna gurbin don ya liƙa. In dannawar nan ta zaɓi tsohon adireshi duka, kuma zaɓen ya shiga ma'ajiyar, to ya kori abin da ɗalibin ya ɗauko. Ya danna taya sai tsohon adireshin ya sake fitowa. Wannan tsoron ne ya sa shekara da shekaru aka bar Linux da nata hali.

Maganin da Firefox 75 ta kawo shi ne raba zaɓen gida biyu. Zaɓen dannawa ɗaya, wanda burauza ta yi maka ba kai ka nema ba, ba ya taɓa ma'ajiya ta biyu. Zaɓen dannawa uku kuwa, wanda ka yi da niyya, yana shiga. A ganina wannan rabon ya yi ma'ana sosai, kuma shi ne ya kamata kowace burauza ta riƙe: abin da manhaja ta yi da kanta kada ya goge abin da mutum ya ajiye da hannunsa.

To wanne ya fi dacewa: burauza ta bi al'adar kowace na'ura, ko ta zama iri ɗaya ko'ina?

Masu cewa a bi al'adar na'ura suna da magana. Mutum ba burauza kaɗai yake buɗewa ba. In duk manhajojin kwamfutarsa suna amsa dannawa iri ɗaya, wadda ta fita daban ita ce baƙuwa. Shi ya sa ba wanda yake gardama cewa a Mac maɓallin Cmd ake riƙewa, a Windows kuma Ctrl.

Amma game da dannawar farko a gurbin adireshi, ni ina tare da masu daidaitawa, kuma zamana a Maraɗi ne ya sa ni a wannan ɓangare. Wanda yake da kwamfuta ɗaya tasa ta kansa, ya shekara goma a kanta, yana iya cewa a bar masa al'adarsa. Yaran da nake koya wa ba su da wannan gata. Yau na'urar sibar, gobe ta abokin karatu, jibi ta wurin gwajin aiki. In hali ya canza daga teburi zuwa teburi, ba za su ce manhaja ce ta bambanta ba, cewa za su yi su ne ba su iya ba. Na sha ganin yadda wannan yake karya gwiwar mai koyo, musamman babba da ya zo da kunyarsa. Ɗaya duka, biyu kalma, uku duka: in wannan ya tabbata ko'ina, darasi ɗaya ya isa.

Inda ban yarda da Mozilla, masu yin Firefox, ba shi ne cire saitin. Hali na asali ya zama ɗaya, wannan daidai ne. Amma akwai masu aikin da gyaran adireshi ne sana'arsu, masu gina shafuka da masu gwada su, waɗanda suke sauya guntun adireshi tun safe har yamma. Su dannawar farko kullum asara ce. Saitin yana ɓoye a inda mai koyo ba zai taɓa tuntuɓe da shi ba, bai cutar da kowa ba. Gaskiya ne kowane saiti nauyi ne a kan masu kula da manhaja, sai an riƙa gwada shi duk fitowa. Duk da haka, wurin da hannu yake zuwa dare da rana ya cancanci wannan nauyin.

Me ya sa adireshin yake matsawa gefe in na sake dannawa?

Saboda abin da kake gani tun farko ba cikakke ba ne. Chrome ta fara ɓoye www a fitowa ta 69 a 2018, aka yi ca a kanta ta janye, sannan ta dawo da ɓoye https:// da www a fitowa ta 76 a 2019. Safari ta fi haka tun 2014: sunan gidan kawai take nunawa. Da ka shiga gyara sai ɓoyayyen ya bayyana a gaba, ya ture sauran rubutun dama, harafin da ka auna ya bar ƙarƙashin kibiyarka. Wannan aibi ne na gaske, domin bai kamata abin da mutum ya nufa ya gusa tsakanin dannawa da dannawa ba.

A Chrome ka danna gurbin da maɓallin dama, za ka ga zaɓin nuna cikakken adireshi kullum. Ka sa masa alama. A Safari yana cikin saitunan ci gaba. Duk kwamfutar da za a koyar da mutane a kanta, ina ba da shawara a kunna shi.

A waya fa? Da na taɓa sai gurbin ya zama fanko.

Chrome ta Android ke nan. Ba ta yin shuɗi, share gurbin take yi ta fito da allon rubutu, sannan ta sauko da adireshin shafin ƙasa kaɗan da alamomi uku a gefensa: na turawa, na kwafi, da fensir. Fensirin ne yake mayar da adireshin cikin gurbi don gyara. Safari ta iPhone kuwa zaɓen duka take yi kamar kwamfuta, kuma tun iOS 15 a 2021 gurbin ya koma ƙasan fuska, kusa da babban yatsa.

A nan ban ga laifin bambanci ba, domin yatsa ba linzami ba ne. Ka kalli ɗan kasuwa a rumfarsa, rana ta haske fuskar waya, yana ƙoƙarin kama ɗigon shuɗin nan da ake ja don faɗaɗa zaɓe: babban yatsansa ya rufe haruffa biyar, ya ja ya wuce, ya dawo ya gaza, adireshin kuma ya fi faɗin wayar sau uku. Maɓallin kwafi guda ɗaya ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. In gyara ya zama dole, kada ka yi ta dungurin harafi. A Gboard, allon rubutun Google na waya, ka ɗora yatsa kan dogon maɓallin tazara ka ja hagu ko dama, tsinke zai bi ka harafi-harafi. A iPhone ka riƙe maɓallin tazarar har haruffa su dushe, sannan ka ja.

In kuwa daga cikin Facebook ka buɗe shafin, ba cikakkiyar burauza kake ciki ba, kuma adireshin da ke sama ba ya gyaruwa. Ka taɓa ɗigo ukun da ke kusurwa ka zaɓi buɗewa a burauza.

Na kwafi adireshi mai kalmar Maraɗi, da na liƙa a WhatsApp sai na ga Mara%C9%97i. Ya lalace?

Lafiyarsa ƙalau. Ƙa'idar adireshi ta asali haruffan Ingilishi da lambobi da ƴan alamomi kawai ta sani, don haka duk wani harafi sai an sa masa lamba: ɗ ya zama %C9%97, ƙ ya zama %C6%99, ɓ ya zama %C9%93, tazara kuma %20. Burauza tana nuna maka harafin yadda yake don ka iya karantawa, amma in ka zaɓi adireshin duka ka kwafa, mai lambobin take ba ka, don shi ne ba ya karyewa a hanya. In guntu kawai ka zaɓa, yawanci yadda kake ganinsa za ka same shi. Wanda za ka tura wa mutane, ka kwafi duka.

Doguwar jelar da take bin adireshi, zan iya yanke ta?

Abin da ya biyo bayan alamar tambaya iri biyu ne. Wani aiki yake yi, kamar lambar bidiyo bayan v= a YouTube, ko t= mai nuna daƙiƙar da za a fara; in ka yanke shi shafin ba zai buɗe daidai ba. Wani kuwa na bin sawu ne, kamar fbclid da duk wanda ya fara da utm_, kuma cire su ba ya hana shafi buɗewa. Ka ajiye tsinke a farkon jelar, ka riƙe Shift ka buga Fin ko End, ka goge, sannan ka gwada adireshin kafin ka tura. Firefox tun fitowa ta 120 a 2023 tana da zaɓin kwafi ba tare da irin wannan jela ba a maɓallin dama.

Tunda mun zo nan, ga abin da ya fi jelar muhimmanci. Mai gidan shafi shi ne sunan da ke zuwa dab kafin alamar / ta farko bayan https://, daga dama ake karanta shi. Adireshi irin gouv.ne.example.com ba na gwamnatin Nijar ba ne ko da gouv.ne yana ciki, na example.com ne. Masu damfarar tallafi da kyautar kuɗi da wannan suke cin mutane. Kafin ka rubuta lambar sirri a ko'ina, ka danna gurbin, ka buga kibiyar hagu, ka karanta farkon da idonka.

Akwai hanyar da ba sai na taɓa linzami ba?

Ctrl da L, a Mac kuma Cmd da L. Yana kai ka gurbin ya zaɓi duka, kuma harafin L wuri ɗaya yake a AZERTY da QWERTY, ba kamar A ba da yake musayar wuri da Q. Alt da D ma yana yi a Windows. Ctrl da kibiya yana tsallaka guntu-guntu. In ka haɗa da Shift yana zaɓe yana tafiya. Alt da Entrée yana buɗe abin da ka rubuta a sabon shafi, wanda kake kai ya zauna lafiya. Mai AZERTY ya tuna ɗigo da / duk sai an riƙe Shift, shi ya sa gyaran guntu ya fi masa sauƙi a kan sake rubuta adireshi daga farko.

Baba hannunsa yana rawa, dannawa biyu ba ta yi masa. Akwai dabara?

Akwai. Windows tana ba da rabin daƙiƙa tsakanin dannawa biyu, kuma ana iya tsawaita shi a saitunan linzami. Sai dai in an tsawaita, dakatawar da ake yi kafin ajiye tsinke ita ma ta ƙaru. Matsala ta biyu ita ce in hannu ya motsa yana danne, burauza za ta ɗauka ja ne, ta zaɓi haruffa biyu ko uku maimakon duka, sabon rubutu ya cakuɗe da tsoho. Ga Baba, ku koya masa Ctrl da L da kibiyoyin allon rubutu, ku kuma saya masa linzami na waya maimakon shafaffen wurin taɓawa na kwamfutar hannu.

Ina rubutu sai gurbin ya ƙarasa mini da wani shuɗin rubutu da ban sa ba. A sibar kuma adireshin wasu nake gani.

Burauza ce take hasashe daga tarihin shafukan da aka buɗe a na'urar. Abin da ta ƙara shi ne mai shuɗi, naka kuwa baƙi ne. In hasashen ya yi daidai ka danna Entrée. In ba shi kake nufi ba, ka buga maɓallin gogewa sau ɗaya ya cire ƙarin kafin ka tafi, in ba haka ba inda ta ga dama za ta kai ka. Shawarar da ba ka son ta sake fitowa, ka sauka kanta da kibiyar ƙasa ka buga Shift da Suppr, wato Delete. Yadda kake ganin na wasu, haka na bayanka zai ga naka, don haka a kwamfutar haya ka fara da taga ta sirri: Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge, Ctrl da Shift da P a Firefox, ka kuma rufe tagar kafin ka tashi biyan kuɗi.